Yadda Ake Gudun Sassarfa a Doguwar Hanyar da Ta Bi Kogi Ta Zagaye Tafki

Gudun sassarfa a hanyar da ta bi gaɓar kogi, ta zagaye tafki, ta dawo da mutum inda ya tashi, ya bambanta da wanda ake yi a filin wasa ko a titi, kuma bambancin bai tsaya ga kyan wuri kaɗai ba. Mai gudu a filin wasa yana tsayawa duk lokacin da ya gaji, kayansa suna kusa da shi. Wanda ya bi miƙaƙƙiyar hanya yana iya juyawa idan ya ji jikinsa bai yi masa daɗi ba. Amma wanda ya kai tsakiyar zagaye mai kilomita 15 yana iya hango ƙofar da ya shigo ta can ƙetaren ruwa, alhali ba shi da yadda zai yi ya isa gare ta sai ya cinye sauran kilomita bakwai ko takwas da ƙafarsa. Ruwan da ya ƙawata hanyar shi ne kuma ya hana yanke, saboda haka duk shirin da za a yi, a yi shi domin wancan ɓangare mai nisa.

Fara da taswira

Gandayen shaƙatawa na bayan gari da ke da irin wannan hanya yawanci suna da taswira a allon ƙofar shiga da kuma a shafinsu na intanet. Ka zauna da ita tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar gudu, ka fitar da tsawon zagayen gaba ɗaya, sannan ka nemo abubuwan da rayuwar hanyar ta dogara a kansu, wato gadoji. Kowace gada dama ce ta gajarta tafiya, kuma tazarar da ke tsakanin gada da gada ita ce nisan da ka ɗaure kanka da shi da zarar ka wuce ta farko. Idan taswira ta nuna gada a kilomita na 4 da wata a kilomita na 11, to ka sani cewa kilomita bakwai ɗin da ke tsakaninsu babu mafita a cikinsu. Ka lura da inda famfon ruwan sha yake, da bayi, da sauran ƙofofin gandun da ke fita zuwa titin mota, ka kuma duba lokacin da ake rufe wurin ajiye motoci, domin akwai gandayen da ke kulle ƙofa da faɗuwar rana.

Daga nan sai lissafin lokaci. Mai sassarfa da ke cin kilomita ɗaya a minti bakwai zai ɗauki awa ɗaya da minti 45 kafin ya gama kilomita 15, kuma wannan lissafin hanya mai kyau ne wadda babu tsayawa a cikinta. Laka, da ƙofofin shinge, da duba taswira a mararraba, duk suna cin lokaci, don haka ka ƙara minti 15 ko 20 a kai, sannan ka tabbata za ka gama da sauran hasken rana. Ka sauke taswirar a wayarka ta yadda za ta buɗe ko babu sabis, domin kwarin kogi da duhun itatuwa sukan raunana sadarwa. A ganina, wanda bai taɓa bin hanyar ba ya fi dacewa ya fara zagaya ta da tafiyar ƙafa ko a keke, ko kuma ya gudu rabinta ya dawo, kafin ranar da zai haɗa ta gaba ɗaya.

Shirin jiki ba ya buƙatar dogon bayani, amma ba a tsallake shi. Wanda zai yi zagayen kilomita 15 ya kamata a ce ya riga ya saba da kilomita 10 ko 11 ba tare da ya kwana yana jin jiki ba. Ana kaiwa nan ne ta hanyar gudu sau uku a mako, ɗaya daga ciki ya fi sauran tsawo, ana ƙara masa kilomita ɗaya ko makamancin haka kowane mako, sannan a sassauta a mako na uku ko na huɗu. Huhu da zuciya sun fi agara da ƙashi saurin sabawa da wahala, shi ya sa mutum yakan ji numfashinsa ya isa ƙarin nisa alhali ƙwabrinsa bai shirya ba. Mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ya ga likita tukuna.

Yanayi, da halin ruwa

A nan ne ya kamata a daɗe, domin hanyar bakin kogi tana canzawa daga mako zuwa mako fiye da kowace hanya. Kogi ba ruwan saman da ya sauka a gandun kaɗai yake ɗauka ba, yana tattaro na dukan ƙasar da ke samansa, saboda haka yana iya cika ya tumbatsa awowi da yawa, ko ma kwana guda, bayan an ɗauke ruwa a inda kake. Rana tana iya fitowa tas, ka tarar da hanyar da ke ƙarƙashin gada ta nutse. Kafin ka fita, ka duba ruwan da aka yi a kwanaki biyu ko uku da suka wuce, da duk wata sanarwar ambaliya ko ta rufe hanya. Idan kuwa ka tarar da ruwa ya haye hanya yana gudu, ka juya. Ruwa mai ƙarfi da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba ya isa ya kayar da babban mutum, kuma da yake ruwan ambaliya gurɓatacce ne, ba za ka ga inda hanya ta ƙare gaɓa ta fara ba, balle ka san ko ƙasar da ke ƙarƙashi ta zaizaye. Komawa baya kilomita biyar ya fi, ko da ran mutum bai so ba.

Tsawa ita ce abu na biyu. Bakin tafki fili ne buɗaɗɗe, mai gudu a kansa yakan zama abu mafi tsayi a wurin, kuma itace guda da ke tsaye shi kaɗai ba mafaka ba ce. Sauti yana cin kilomita ɗaya a kusan daƙiƙa uku, don haka idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa tara kafin ka ji ƙara, hadarin yana nisan kilomita uku ne kawai. Duk wanda yake jin tsawa yana cikin inda za ta iya kaiwa. Mafaka ta gaskiya ita ce gini mai rufi da bango ko mota rufaffiya, kuma ana jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a fito. Tunda a tsakiyar zagaye da wuya a sami ko ɗaya daga cikin biyun, ranar da hasashen yanayi ya ambaci tsawa a ɗage dogon zagaye zuwa wata rana.

Iska kuma ita ce za ta gaya maka ta wane hannu za ka fara. A kan tafki babu abin da ke tare ta, tana zuwa da ƙarfinta. Ka zaɓi hannun da zai sa ka fuskance ta a farko, lokacin da kake da ƙarfi kuma rigarka ba ta jiƙe ba, ta koma bayanka a ƙarshe. Wanda ya yi akasin haka a lokacin sanyi zai gamu da iska a fuska bayan ya jiƙe da gumi kuma gudunsa ya ragu, a nan ne sanyi ke shiga jiki. Da sassafe iska mai sanyi takan kwanta a kwari, hazo ya rufe kogi, katakon gada ya yi raɓa, shi ya sa bakin ruwa yakan fi wurin ajiye mota sanyi. A lokacin zafi kuwa, sassafen shi ne lokacin da ya fi dacewa, kuma a shirya yadda ɓangaren da ba shi da inuwa zai zo da wuri.

Abin da za a sa, da abin da za a ɗauka

Takalmi ya dace da ƙasar da za a taka. Idan yawancin hanyar kwalta ce ko daɓaɓɓiyar tsakuwa, takalmin gudu na yau da kullum ya isa. Idan akwai ciyawa da laka, mai haƙora a ƙasa ya fi riƙe ƙasa. Kada ranar dogon zagaye ta zama ranar gwada sabon takalmi, kuma wanda ya riga ya ci tsakanin kilomita 500 da 800 galibi ƙasansa ya mutu ko da samansa yana da kyau. Safa da rigar auduga suna riƙe gumi su gogi fata, don haka a sa waɗanda ke bushewa da wuri, a kuma shafa man hana gogayya a cinya da hammata da kan nono. Ka yi shigar da za ta sa ka ɗan ji sanyi a minti biyar na farko, amma ka ɗaura riga mara nauyi mai tare iska a ƙugu, domin idan ka yi targaɗe a nesa ka koma tafiya da ɗingishi, jikin da ya jiƙe zai huce nan da nan.

Sai ruwa, da ɗan abin ci, da waya mai cikakken caji a cikin leda, da takarda mai ɗauke da sunanka da lambar wanda za a kira. Ka gaya wa wani hanyar da za ka bi, da hannun da za ka fara, da lokacin da kake sa ran dawowa. Ka san lambar agajin gaggawa ta ƙasar da kake, kamar 112 a ƙasashen Tarayyar Turai ko 911 a Amurka.

Tashi, da bin gaɓar kogi

Ka fara da tafiya mai sauri ta minti biyar, sannan ka shiga sassarfa a hankali fiye da yadda ƙafarka take so. Gaɓar kogi shimfiɗaɗɗiya ce, jiki sabo ne, iska tana da daɗi, kuma waɗannan ukun sukan ja mutum ya yi saurin da zai biya bashinsa a kilomita na 12. Ma'aunin da ya fi kowane sauƙi shi ne magana. Idan za ka iya faɗin cikakkiyar jimla ba tare da haki ya katse ta ba, gudunka daidai ne, idan kuwa kalma biyu ko uku kawai ke fita, ka rage. Kada ka dogara da lambar saurin da agogon gudu ke nunawa a kowace daƙiƙa, domin a ƙarƙashin itatuwa saƙon tauraron ɗan'adam yakan yi tangal-tangal. Kashi ɗaya cikin uku na farkon hanya ya kamata ya zama kamar ba ka yi komai ba.

Idanunka su riƙa kallon ƙasa mita uku zuwa biyar a gabanka, ba kan yatsunka ba. Saiwoyin itatuwan bakin ruwa sukan fito saman hanya, kuma inda hasken rana ya ratsa ganye ya yi dabbare-dabbare a ƙasa, saiwa da inuwa sukan yi kama da juna. A irin wannan wuri ka gajarta taku, ka ɗan ɗaga ƙafa, ka bar ta ta sauka a ƙarƙashin jikinka maimakon can gaba. Haka ma a laka: gajeren taku mai yawa ya fi dogon tsalle, kuma bin tsakiyar taɓo mara zurfi ya fi raɓawa ta gefen da ke kallon ruwa, domin gefen nan ne kogi yake ci ta ƙasa, ciyawa tana rufe da ramin. Gadar katako da ta jiƙe ko ta yi gansakuka tana da santsi ƙwarai, musamman a kwana da kuma inda katako ya haɗu da ƙasa. Tafiya a kanta ba ta rage wa gudun komai.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Hanyoyin bakin ruwa sukan ɗan karkata zuwa ruwan domin ruwan sama ya gangara, wanda ke nufin ƙafa ɗaya tana sauka ƙasa da ɗayar dubban lokuta a jere. Wanda kullum hannu ɗaya yake zagayawa yana iya fara jin ciwo a gefen gwiwa ko a ƙugu na ɓangare guda. Maganinsa shi ne bin tsakiyar hanya inda ta fi daidaita, da sauya hannun zagaye daga mako zuwa mako idan iska ta ba da dama.

Hanyar ba taka ba ce kai kaɗai. Masu kamun kifi sukan zauna a gaɓa da dogayen sanduna waɗanda wani lokaci suke ja da baya har su gitta hanya, saboda haka ka rage gudu ka yi magana tun kana nesa. Haka za ka yi wa masu tafiya da yara da masu karnuka, ka sanar da zuwanka kafin ka iso bayansu. Idan za ka sa abin sauraro, ka bar kunne ɗaya a buɗe saboda masu keke. Inda hanya ta ratsa makiyaya, ka koma tafiya, ka ba shanu tazara, kada ka shiga tsakanin saniya da maraƙinta, kuma ka bar ƙofar shinge yadda ka same ta. Manyan tsuntsayen ruwa masu sheƙa ko 'ya'ya sukan tare hanya suna huci, su ma a kewaye su.

Bakin tafki, inda ya fi nisa

Kafin ka wuce gada ta ƙarshe wadda za ta iya gajarta maka hanya, ka tsaya ka yi wa kanka tambaya ta gaskiya. Yaya numfashi, yaya gwiwa da agara, ruwa nawa ya rage, me sararin sama yake nunawa, kuma awa nawa ya rage rana ta faɗi? Idan amsa ɗaya ba ta gamsar da kai ba, ka haye gadar ka koma. Wannan shawara ita ce mafi muhimmanci a dukan tafiyar, kuma a nan kaɗai ake iya yanke ta da sauƙi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan ruwa yakan yi kuskure, domin ƙetaren tafki yakan bayyana kusa, alhali hanyar tana bin kowane lungu da kowane tsinin ƙasa da ya shiga ruwa, nisan ya ninka abin da ido ya auna.

Game da sha, ƙishirwa jagora ce mai kyau ga yawancin mutane, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda yake son sanin yawan gumin da yake yi, ya auna nauyinsa kafin gudun awa ɗaya da bayansa, kowane kilo ɗaya da ya ragu yana daidai da kusan lita ɗaya, sai ya haɗa da abin da ya sha a hanya. Shan da ya wuce kima shi ma haɗari ne, domin yana tsinka gishirin da ke cikin jini. Idan gudun zai wuce awa ɗaya da kwata, a fara cin wani abu mai sitaci ko suga tun kafin jiki ya yi la'asar, kimanin giram 30 zuwa 60 na sitaci ko suga a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana ba da kusan giram 25.

Ruwan tafki da na kogi ba na sha ba ne, kuma ban ga dalilin wanke fuska da shi ba. A lokacin zafi, tafki mai kwanciya yakan yi wani kore-kore a sama kamar an zuba fenti, wanda wasu ƙananan halittu ke haddasawa, kuma wasunsu suna fitar da dafin da ke sa ƙaiƙayi da ciwon ciki ga mutum, yana kuma kashe karnuka. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ko na dabbobi ya gurɓata, wadda ke shiga ta rauni ko ido ko baki. Wanda yake da ƙurjewa ya rufe ta da filasta kafin ya fita, kuma wanda zazzaɓi da ciwon jiki suka kama shi cikin makonnin da suka biyo bayan taɓa irin wannan ruwa ya gaya wa likita inda ya je.

Mafi girman haɗari shi ne sha'awar faɗawa ruwa domin a huce. Tafkuna da yawa na irin waɗannan gandaye tsofaffin ramukan haƙar tsakuwa ne da ruwa ya cika, kamar waɗanda ke kwarin kogin Lee a arewacin Landan. Gefensu yakan zurma farat ɗaya, kuma ƙasansu yana da sanyi ko da rana tana ƙuna. Ruwan da bai kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, bugun zuciya ya tashi, kuma wannan yana samun gwanin iyo kamar yadda yake samun wanda bai iya ba. Idan ka zame ka faɗa, kada ka fara kokawar iyo. Ka kwanta rigingine, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka bar ruwa ya ɗauke ka har numfashinka ya daidaita, wanda yakan ɗauki kamar minti ɗaya ko fiye kaɗan, sannan ka nemi gaɓa ko ka yi kira. Idan wani ne ya faɗa, kada ka bi shi ciki. Ka kira agaji, ka gaya masa ya kwanta rigingine, ka jefa masa abin da ba ya nutsewa a ruwa ko ka miƙa masa dogon reshe kana kwance a ƙasa. Saboda haka yana da kyau ka riƙa lura da inda aka rataye tayoyin ceto yayin da kake wucewa.

Kashi na ƙarshe

Gajiya takan fara bayyana a ƙafa kafin mutum ya yarda da ita: taku yana jan ƙasa, kafaɗu suna hawa zuwa kunne, kai yana sunkuyawa. A wannan lokaci ne saiwar da ka tsallake cikin sauƙi da safe za ta iya kayar da kai. Ka miƙe ƙirji, ka saki hannuwa, ka gajarta taku, ka raba sauran hanyar gida-gida, daga wannan benci zuwa waccan gada. Haɗa gudu da tafiya, kamar minti huɗu na sassarfa da minti ɗaya na tafiya, dabara ce mai kyau, kuma ta fi amfani idan aka fara ta kafin ƙarfi ya ƙare. Sukar da ke tasowa a gefen ciki takan lafa idan aka rage gudu aka riƙa fitar da numfashi a hankali har ƙarshe.

Ka bambanta gajiya da alamar haɗari. Nauyin ƙafa da ɗan tsamin jiki ba komai ba ne. Ciwo mai tsini a wuri guda wanda ke sa ka ɗingishi yana nufin ka koma tafiya. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko ruɗewa, ko jin sanyi da tashin tsigar jiki a tsakiyar zafi, suna nufin ka tsaya nan take, ka nemi inuwa, ka kira taimako.

Da ka iso, kada ka zauna kai tsaye. Ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma har bugun zuciya ya sauka, ka cire rigar da ta jiƙe ka sa busasshiya, ka wanke hannu kafin ka ci wani abu, sannan ka ci abinci mai sitaci da mai gina jiki cikin awa ɗaya ko biyu. Idan hanyar ta ratsa doguwar ciyawa, ka duba idon sawu da bayan gwiwa da ƙugu ko kaska ta maƙale. Ana cire ta da ɗan hantsaki mai tsini, a kama ta daf da fata a ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, kuma idan jan tabo mai faɗaɗa ya fito a wurin daga baya, a je asibiti. Ka wanke lakar takalmi ka bar shi ya bushe a inuwa kafin ka kai shi wani bakin ruwa, domin laka tana ɗaukar iri da ƙwayoyin halittu daga wannan ruwa zuwa wancan. Sannan ka rubuta lokacin da ka ɗauka, da hannun da ka bi, da inda hanya ta yi taɓo, da kilomitan da ka fara jin nauyi, ka huta ko ka yi tafiya kawai washegari, kuma kada ka sake dogon zagaye sai bayan mako guda.